Abin da Iya Ba Ta Ji Ba

Shirun ne ya fara gaya wa Atika cewa ba lafiya. Kullum idan rana ta ɗan ɗaga, tun daga bakin hanya take jin gurnanin famfon garkar mata, da ƙarar ruwa yana kwarara cikin kwarmin siminti. Ranar Talatar nan ba ta ji komai ba sai kukan tsuntsayen tabkin Madarunfa. Ta tura ƙofa ta shiga, ta ɗaga kai. Ƙarafunan da ke ɗauke da fanno huɗu, allunan nan da ke kama hasken rana su tayar da famfo, suna tsaye tsirara. Wayoyi na reto.

Ihu ɗaya ta yi, unguwar Bakin Tabki ta taso.

Kafin a kira Sule Mai Sawu, mutum fiye da ɗari sun tattake wurin. Sule siririn dattijo ne, ya haura sittin, kuma ba ya iya zama wuri ɗaya. Shekara arba'in ya yi yana bin sawun shanun sata daga Gabi har bakin iyaka ta Ɗan Issa. Ya tsaya a ƙofar garka ya dubi ƙasa, ya yi tsaki.

"Atika, ke da anka ba shugabancin mata, kin kasa hana mutane shiga? Kin tara mini ƙafafun gari duka."

Atika taubashiyarsa ce, ba ta raga masa ko a ranar kuka. "Kai da aka cewa kana ganin sawun tururuwa bisa dutse? Duba mana, tsoho."

Ya kama wayar da ke reto ya duba bakinta. Ba yanke ta aka yi ba, kwance ta aka yi a tsanake, kusa bayan kusa. Mai aikin ya san wuta. Sule ya fita ya zagaya garkar daga nesa, kansa a sunkuye. Can bayan shinge ya samu abin da yake nema: sawun kurar hannu mai taya biyu. Tayar hagu tana da faci, duk taku uku sai ta bar wani ɗan tambari mai kusurwa huɗu a kan rairayi. Ya bi ta har hanyar jar ƙasa, inda garken shanu masu zuwa shan ruwa suka share komai. Ya yi gaba, ya yi baya, ya tsuguna, ya miƙe. Babu.

Da ya dawo, ya tarar ba wanda ke jiransa. Kowa ya kafa kunne a salula.

"An gano shi," in ji wani. "Filimon mai gyaran rediyo ne. Iya ma ta ce shi ne."

*

Iya ba mutum ba ce. Wata uku da suka wuce, furoje, wato shirin tallafin da ya kafa famfon, ya turo wata ma'aikaciyarsa daga Maraɗi, Farida, don ta gano ra'ayin jama'a a kan garkar. Ba gida-gida take bi ba. Da izinin mutane aka saka lambarta a gurup-gurup na Watsaf da shafukan Fesbuk na unguwar, ita kuma tana da wata ƙirƙirarriyar basira a cikin ordinatar ɗinta, wato kwamfuta, wadda ke sauraren saƙonnin murya, ta mayar da su rubutu, ta ƙirga masu so da masu ƙi. Da Faransanci Farida ke kiran abin "I-A". Mata suka ji "Iya", suna ya bi ta. Iya ce ta ce mata na son a ƙara irin albasa, aka ƙara. Iya ce ta ce tara cikin goma na son a sa wurin cajin salula kyauta a garkar, aka ce bayan sallah za a sa. Tun daga nan, in Iya ta faɗi magana ba a musu.

A zauren maigari Sule ya same su. Aminu mai caji, wanda rumfarsa ce kaɗai ke da batir a unguwar da ba ta da lantarki, ya kawo wa Farida kujera, ya jona mata ordinatar da batirinsa.

"Ranka ya daɗe," in ji Farida, "ni ban ce shi ne ba. Abin da na'urar ta nuna shi ne, daga safe zuwa yanzu saƙo ɗari biyu da goma sha huɗu sun ambaci Filimon da ɗaukar fanno."

"To mi ya rage?" in ji wani saurayi daga bakin ƙofa. "Gari duka ya hwaɗa!"

"A dai bi a hankali," in ji Aminu. "A bar hukuma ta yi aikinta. Kada kowa ya taɓa shi."

Maigari ya dubi Sule. "Kai mi ka gani?"

"Sawun kura. Ya ɓace mini a hanyar shanu."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Sule ya ji ta har cikin ƙashinsa.

"Samarin ga ba su da haƙuri," in ji maigari. "In ban miƙa Filimon ba, shagonsa za su ƙona, wataƙila da shi a ciki. Na ba ka zuwa la'asar. In anka sallame salla ba ka kawo mini wani ba, zan kira jandarma su tahi da shi."

Sule ya leƙa waje ya dubi rana. Hantsi ya riga ya yi.

*

Ya fara da Lawali, mai gadin garka. Ya same shi a bayan gidansa yana ta sassabe wurin da ba ciyawa.

"Ina ka kwana jiya?"

"Garka mana, Baba."

"A'a. Tabarmarka na naɗe, ƙura ta hau ta. Kuma laka ta ƙafarka ba ta tabki ba ce."

Lawali ya ajiye fartanya. A jingine da katanga akwai kurar hannu. Sule ya tsuguna ya juya tayar hagu da hannunsa, sau ɗaya, sau biyu. Sumul take, ba faci. Ya juya ta dama. Ita ma haka.

"Garin Safo na tahi," in ji Lawali daga ƙarshe, ido ya cika da ƙwalla. "Tsohuwata ba lahiya. Na ce dare ɗaya ne, ba mai sani. Don Allah, Baba, in anka ji za a kore ni."

"Wa ka gaya wa za ka tahi?"

"Ba kowa. Ko matata sai da na kama hanya. Salulata kawai na biya na amsa wurin caji, na ce a ba ni ko ba ta cika ba, tahiya gare ni."

Sule bai tsaya a kan maganar ba. Hankalinsa na kan rana, wadda ta kusa tsakiya.

*

Shagon Filimon na bakin kasuwa. Gyaran rediyo da salula yake yi, kuma shi ke ɗaukar hoton suna da biki a unguwar. A garin aka haifi ubansa. Duk ranar Kirsimeti matarsa Lai'atu na aika shinkafa gidan Sule, duk sallar layya Sule na aika musu cinya. Yau shagon a rufe yake, an jefi ƙofar da duwatsu har ta lotsa. Samari biyar na zaune a kan benci a tsallaken hanya.

Lai'atu ce ta buɗe masa ƙofar gida. "Baba Sule, waɗanda sunka jefe mu, rabinsu ni na yi wa uwayensu wankan jego."

Filimon na zaune a tsakar gida, ya sa takalmi, ya ɗaure kaya a leda, kamar mai jiran mota.

"Ka taɓa fannon nan?" in ji Sule.

"Na taɓa. Ranar da anka kafa su na taya masu aikin ɗaurin waya. Na san yadda aka kwance su, in abin da kake tambaya ke nan."

"Kana da kura?"

"Baba, ko keke ba ni da shi."

"Jiya da dare fa?"

"Ina nan. Shaidata Lai'atu ce, kuma wa zai ji ta matar ɓarawo?" Ya yi wata dariya mara daɗi. "An ce muryar Inna Atika ce ta fara ambata ta. Ita da take kirana ɗanta."

Sule ya fito da sauri har yana tuntuɓe da dokin ƙofa.

Atika na garka, tana ɗibar ruwan tabki da bokiti tana yayyafa wa irin tumatir.

"Ke kinka ce Filimon ne?"

"Haka aka ta ce mini." Ta dafe kai. "Sule, da sahen ga na yi ta magana kamar mahaukaciya. Ban san abin da na hwaɗa da wanda ban hwaɗa ba."

Karon farko ke nan da ta kira sunansa ba tare da tsokana ba.

*

An kira azahar. Sule ya yi salla a gaggauce, ya tarar da Farida ita kaɗai a ƙarƙashin bishiyar bedi, ordinatar a kan cinya, ba ta taɓa abincin da aka kawo mata ba.

"Ɗiyata, tambaya gare ni. Ni ban yi karatun lakwal ba, ki yi haƙuri da ni. Saƙon ga ɗari biyu, mutum ɗari biyu ne sunka ga Filimon?"

"A'a, Baba. Ita ra'ayi take ƙirgawa. Abin da mutane ke faɗa."

"In garken shanu ya bi hanya, ni ba ƙirga kofato nike ba. Wadda ta fara wucewa nike nema, wadda sawunta ke ƙarƙashin na saura. Iyarki na iya tahiya da baya?"

Farida ta dube shi, sannan ta fara danne-danne. Saƙonnin suka jeru, na ƙarshe a sama. "An ce Filimon ne." "Wai Filimon ne." "Mun ji Filimon ne." Ta yi ta sauka. Sule na tsaye, yana canja ƙafa, yana leƙen inuwar bishiya da ke ƙara tsawo. Ɗari biyu suka koma arba'in, arba'in suka koma bakwai, bakwai suka koma ɗaya.

"Ga shi. Daga lambar Inna Atika, a babban gurup na unguwa. Iya ta rubuta: Filimon ne ya ɗauki fannon nan, kun gani, duka huɗun ya ɗauke su."

"Ba rubutu nike so ba. Sa in ji."

Muryar Atika ta fito, daƙiƙa shida kacal. Sule ya ce a sake. Ya kara kunnensa da na'urar ya rufe ido. Ya ce a sake. A karo na huɗu ya ɗaga hannu.

"Kin ji?"

"Na ji ta ce Filimon..."

"Bar maganar. Bayanta."

Farida ta ƙara sauti. A bayan muryar akwai wani gurnani mara yankewa, da wani abu na kwarara, shaaa.

"Hayaniya ce, Baba. Iya tana zubar da irin wannan kafin ta rubuta."

"Ruwa ne," in ji Sule. "Famfo ne ke aiki. Mace na tsaye tana cewa an ɗauke fanno, ruwa kuwa na zuba a bayanta. Da wace wuta?"

Farida ta shiga gurup na matan garka, ta koma wata uku baya, ranar da aka buɗe famfon. Ga hoton fanno huɗu suna ƙyalli. A ƙarƙashinsa ga muryar nan, ita ce dai, daƙiƙa shida.

"Hoto," in ji ta a hankali. "Hoto ya ɗauka. Wani ne ya tura muryar ba tare da hoton ba."

"Ƙarfe nawa anka tura?"

"Shida saura minti goma."

Atika kuwa sai da rana ta ɗaga ta isa garka. Sule ya tsaya cik. Maganar Lawali, wadda ya bari ta wuce shi da safe, ta dawo masa. Ya tattare rigarsa ya nufi garka, ya yi wa Atika tambaya ɗaya. Daga can ya bi ta lungun bayan kasuwa, kansa a sunkuye.

*

Ana sallame la'asar zauren maigari ya cika har waje. An zaunar da Filimon a tsakiya da ledarsa a cinya. Lawali na rakuɓe a gefe. Aminu na kusa da Farida yana gyara mata waya. Maigari ya riga ya fito da salularsa ya ɗora a kan gwiwa.

Sule ya shigo da ƙura har gwiwa.

"Ranka ya daɗe, a ba ni kunne kaɗan. Ɗiyata, sa musu."

Muryar Atika ta cika zauren. Samari suka fara gunaguni.

"Ku yi shiru ku saurari bayanta," in ji Sule. "Matan garka, ku da kuka jin abin ga kullum, mi ne ne wanga?"

Aka sake sawa. Wata tsohuwa daga bakin ƙofa ta ce, "La ilaha! Famfonmu ne!"

Farida ta juya ordinatar ta nuna hoton. Atika ta dafe ƙirji. "Ranar buki ce! Hoto nike yabo! Filimon, ɗana, hotonka nike yabo!"

"To wa ya turo ta yau?" in ji maigari. "Lambarki ce."

"Atika," in ji Sule, "gaya musu abin da kinka gaya mini. Ina salularki ta kwana?"

"Inda take kwana duk ran Litinin. Wurin caji. Sai da hantsi na aika anka amso."

"Lawali, wa ya san ba ka garka jiya?"

Lawali ya ɗaga kai a hankali, ya dubi Aminu.

Aminu ya yi dariya. "Haba, Baba Sule. Salula ta fi talatin ke kwana rumfata. Kowa na iya..."

"Kowa na da makullin rumfar?"

"Ni fa na ce kada a taɓa Filimon! Kowa ya ji ni!"

"Mun ji ka. Kurar da kake ɗauko batir da ita, a ina take?"

"Tana... an ara."

"Tana bayan rumfarka, an kifa ta, an rufe da buhu. Tayar hagu na da faci mai kusurwa huɗu. Daga nan sawunta ya tahi gonar gidanku, wurin tarin karan dawa. Ban ɗaga karan ba. Na bar wa maigari ya aika a ɗaga gaban shaidu."

Aminu ya dubi ƙofa, ya ga ba hanya. Wayar da ke hannunsa ta faɗi.

"Tara cikin goma," in ji shi. Farida yake kallo. "Ke kinka karanta a nan zauren. Tara cikin goma na son caji kyauta. Kowa ya yi tafi. Na goman fa? Wa ya tambaye shi mi za ya ci bayan sallah? Ban sayar ba, wallahi. So nike furojen ya yi fushi ya fasa."

"Sai ka ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba," in ji maigari.

"Na ɗauka za a tambaye shi a sake shi."

Lai'atu ce ta ba shi amsa daga cikin mata. "Je ka dubi ƙofar shagonmu."

Samarin da suka zauna a benci tun safe suka yunƙura. Sule ya riga su, ya tsaya a gaban Aminu.

"Da sahe kun ji murya kun jefi wani. Yanzu ma jifa za ku yi? Ku zauna."

Suka zauna. Maigari ya ɗauki salularsa ya kira jandarma. Filimon ya kwance ledar da ke cinyarsa, ya fito da rigar da ke ciki, ya sake ninke ta, ya miƙa wa matarsa.

*

Washegari da hantsi aka mayar da fanno huɗu kan ƙarafunansu. Ba wanda ya iya ɗaurin wayar sai Filimon, don haka shi aka je aka roƙa. Sai da ya bari aka yi sallama uku kafin ya fito. Biyu daga cikin samarin jiya ne suka riƙe masa tsani, ba su iya haɗa ido da shi ba.

Sule na gefe yana kai da kawo. Farida ta zo ta tsaya kusa da shi.

"Baba, na rubuta wa biro, ofishinmu na Maraɗi. Na ce daga yau ba zan kai rahoton Iya ba sai na saurara da kunnena. Kuma na ce a riƙa tambayar na goman."

"Iyarki ba ta yi ƙarya ba," in ji Sule. "Abin da anka hwaɗa ta hwaɗa. Ki dai riƙa tambayarta wa ya fara."

Famfo ya yi tari, ya yi gurnani, ruwa ya ɓarke cikin kwarmin siminti. Mata suka rangaɗa guɗa. Atika ta ɗaga hannu sama, murna ta ɗebe ta.

"Filimon! Ɗana! Zo ka ɗauki fannon nan, ka ɗauke su duka!"

Guɗar ta tsaya cak. Filimon na kan tsani, ya juyo a hankali ya dube ta.

"Inna Atika," in ji shi, "ki ce hoto. Ki ɗaga murya ki ce hoto. Iya na ji."